Ƙofa Mai Inci Ashirin Da Biyu

Na Allah ne mu tun farko, kuma komai nisan yawon bawa, wurinsa ne masaukin ƙarshe. Ranar Talata, goma sha ɗaya ga watan Yuli, da hantsi, a asibitin wani birni da ba mu jin harshen mutanensa, Allah Ya karɓi ran yayana, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda jama'a suka sani da Tela Mai Keke. Shekararsa hamsin da takwas, goma sha bakwai daga ciki a kan keken guragu ya yi su. Yawon buɗe ido muka tafi tare, cikin ayarin mutum goma sha takwas. Na dawo ina tura keke babu kowa a kai.

Yaya, ranar da na shigo gida da kekenka, matarka ba ta yi kururuwa ba. Ta shafa matashin da ka ɗinka wa keken da hannunka, ta ɗaga kai ta ce, "Ƙanena, tambaya ɗaya gare ni. Wa ke ba shi ruwa?" Na sunkuyar da kai. Yau kwana ashirin ke nan ban amsa mata ba. Bakina ya gaza, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Wannan takarda ta'aziyya ce, kuma amsarta ce.

Amma bari in fara da alherinka, don shi ya riga komai. Kai ka riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu. Rigar makarantata ta farko kai ka ɗinka, ka bar mata lanƙwasa mai kauri a ƙasa, kana kwance ta kaɗan kaɗan duk shekara har na gama. Da ka faɗo daga tsani kana gyara allon shagonka, ƙafafunka suka daina jin umarninka, mutane suka ɗauka duniyarka ta taƙaice tsakanin gado da taga. Sai ka sa aka mayar da keken ɗinkinka na hannu, ka koma aiki, kuma ka ɗauki wani sabon buri da ya ba kowa dariya: ganin biranen duniya.

Ba ka taɓa fita babu tef ɗin awo a wuyanka ba. Duk birnin da ka shiga, wasu na ɗaga kai suna kallon hasumiya, kai kana sunkuye kana auna ƙofa. Faɗin ƙofar otal, tsawon matattakala, gangarar bakin titi, wace mota ke ɗaukar keke, wane kantin magani ke da mai jin wani harshe, wane asibiti ya fi kusa da masauki: duk ka rubuta a littafinka mai baƙin bango. Tsofaffi da masu sanda da masu keke suna zuwa shagonka su kwafa kafin su yi tafiya. Ba ka sallamar kowa sai ka tambaye shi allurar rigakafinsa, ka sa ya raba magungunansa jaka biyu, ka sa a rubuta masa ciwonsa a kati da harshen garin da za shi. Na tuna wata dattijuwa mai ciwon sukari da ka ɗinka wa ɗamara mai aljihu uku, ka ce mata, "Inna, akwati yana ɓata, amma ban taɓa jin wadda ta sauka daga jirgi ta manta ƙugunta ba." Ta yi dariya har da hawaye. Kuma a shafin farko na littafin, da manyan baƙi, ka rubuta: "Matafiyi, sha ruwa. In cikinka ya ɓaci, ninka."

Ni kuwa kullum tsokanata kake yi saboda waƙoƙin da nake rubutawa. "Mawaƙi," in ji ka, "kai auna baiti, ni in auna ƙofa, mu ga awon wa zai fid da mutum daga ɗaki."

Kafin wannan tafiya ta ƙarshe, sau uku ka rubuta wa jagoran ayari kana tambayar otal ɗin. Sau uku ya amsa da hoton alamar keke da ke manne a ƙofarsu, ya ce, "Baba Tela, kwantar da hankalinka, komai an tanada." Muka isa ranar Laraba cikin zafin da ke narkar da kwalta. Alamar tana nan a ƙofa, gaskiyarsa. Lifta, na'urar hawa bene, ita ma tana nan, sai dai matacciya ce, an manna mata takardar gyara wadda rana ta riga ta mayar rawaya. Ɗakinmu a hawa na huɗu. Mutum huɗu suka ɗauke ka kamar buhu, na biyar ya biyo da keke. Muna shiga ka zare tef ka ɗora a ƙofar banɗaki. Inci ashirin da biyu. Kekenka ashirin da shida ne. Ka dubi jagora, ya dubi agogo, ya ce, "Gobe za a sauya muku." Kwana biyar yana faɗar wannan gobe.

Ranar Alhamis aka sauko da kai, ka zaga birnin, ka auna ƙofofi goma sha ɗaya, kana murna kamar ango. Juma'a da safe cikinka ya ɓaci. Kai mutum ne mai jiki, ni kuwa ba na iya ɗaga ka ni kaɗai, don haka duk shiga banɗaki sai an nemi mutum na biyu. Ma'aikacin otal ya taimaka sau ɗaya, manajansa ya hana shi, wai in ka suɓuce a hannunsa laifin a kansu yake. Saura maƙwabcin ɗakinmu, wani ɗan kasuwa daga cikin ayari, ƙaƙƙarfa, mai yawan turare. Na buga masa ƙofa da safe, ya zo. Na sake bugawa kafin ayari su fita yawo, ya zo yana tsaki. Da suka dawo da yamma na buga karo na uku. Ya buɗe, ya tsaya a baranda, ya ɗaga murya yadda duk hawan zai ji:

"Malam, don Allah ku ji tsoron Allah! Yawon buɗe ido muka zo ko renon ƙaton jariri? Hannuna har yanzu wari yake. Wanda ya san ba shi da ƙafa, me ya fito da shi daga gida?"

Matarsa daga ciki ta ce, "Rufe ƙofa mana, iska na shigowa." Wani ya yi dariya a ƙarshen baranda. Jagora ya leƙo ya ce, "A yi haƙuri da juna, jama'a, gobe akwai fita da wuri." Ƙofar ɗakinmu a buɗe take, Yaya. Ka ji kowace kalma. Da na shigo na same ka kana naɗe tef a yatsa, ka ce, "Bar shi, Mawaƙi. Gaskiya ya faɗa, ba dako ya zo yi ba."

Ka auna ƙofa, ka auna tsani,
Ka auna titi a kowane birni,
Abu ɗaya ne tef ɗinka bai kai ba:
Ƙuncin zukatan mutanen zamani.

Asabar da safe ka ce min ciki ya lafa. Ka cire tef daga wuyanka ka rataya a nawa, abin da ba ka taɓa yi wa kowa ba, ka ce, "Je ka auno min. Gidan tarihi, tashar jirgin ruwa, da asibitin da ke bayan kasuwa. Kada ka kawo min waƙa, lamba nake so." Na jera maka kwalaben ruwa uku a gefen gado, da ƙunshin gishiri da sukari na masu gudawa, na fita. Na ga birnin, kuma ba zan ɓoye ba, ya yi min kyau. Na tsaya a kan gada na tsara baitoci huɗu a kan hasken kogi. Na dawo da lambobinka, ka rubuta su a littafinka. Ranar nan ba a buga wa kowa ƙofa ba. Ɗan kasuwa ya gamu da ni a matattakala ya dafa kafaɗata ya ce, "Ka ga yau an zauna lafiya." Lahadi ma na ƙara kwalabe uku, na sake fita.

Da la'asar na dawo na same ka leɓɓanka sun tsage, idanunka sun faɗa, kana kirana da sunan mahaifinmu. Motar asibiti ta zo da wuri, ba zan zalunce su ba. Amma gadon ɗaukar marasa lafiya ya ƙi juyawa a kwanar matattakala, sai a bargo aka naɗe ka, aka sauko da kai hawa huɗu, kanka yana bugun ƙarfen dafawa. Mutanen ayarinmu suna tsaye a zaure cikin kayan fita cin abinci. Suka dare gida biyu muka wuce. Wata ta ja gefen rigarta don kada bargon ya taɓa ta.

A asibiti suka nemi takardar ciwonka da magungunan da kake sha. Ta asali tana jakar jagora, wayarsa kuma a kashe. Kwafin da ka tanada, da katin nan mai harshen garin, suna cikin aljihun da ka ɗinka a matashin kekenka, keken kuma yana hawa na huɗu. Na koma da gudu na ɗauko. Likita ta karanta, ta duba sakamakon jini, ta yi magana da tafinta, tafinta ya juyo ya ce, "Tana tambaya, yaushe rabonsa da shan ruwa?" Na ce ban sani ba. Aka ɗaura maka ƙarin ruwa leda bayan leda, amma ƙodarka ta riga ta tsaya. Asibitin nan shi ne wanda na auno maka ranar Asabar. Ƙofarsa inci arba'in da takwas.

Mutum bakwai muka yi maka salla, shida daga ciki ba su san sunanka ba sai da na faɗa musu. Daga ayarinmu ba wanda ya zo, ranar ce ranar hawa jirgin ruwa. Ina tsaye a bakin kabarinka wayata tana ta motsi a aljihu, hotunansu ne ke shigowa, suna murmushi da huluna masu faɗi. Saƙon jagora ya biyo baya: yana yi min gaisuwa, kuma otal na roƙon a kwashe keken kafin azahar don ɗakin yana da baƙo.

Da na je kwashe kaya na buɗe littafinka. Shafin ƙarshe ba shi da ado, kamar sauran. Sunan otal, hawa huɗu, matattakala sittin da takwas, lifta ba ta aiki, ƙofar banɗaki ashirin da biyu. A ƙasa ka rubuta: "Mai keke kada ya kwana nan ko dare ɗaya. In an ce gobe, ya tafi yau. Kuma kada kunya ta hana shi shan ruwa kamar yadda ta hana ni."

To, matar Yaya, ga amsarki. Ba wanda ke ba shi ruwa. Ni aka damƙa wa shi, ni na jera kwalaben na tafi kallon kogi. Da na dawo ranar Asabar na gan su cike, murafensu ba a karya ba. Na ce wa raina mai gyaran ɗaki ce ta kawo sababbi. Ban tambaye shi ba, domin in na tambaya zai sha, in ya sha sai na sake tsayawa a gaban ƙofar mutumin nan ina bugawa. Ɗan kasuwa ya yi masa rauni da baki, jagora ya yi masa da gobe, ni na yi masa da shiru, kuma nawa ne ya fi kusa da gadonsa. Kwalabe shida na ƙirga a ranar da na kwashe kayan. Ba na roƙon ki yafe min yau. Na dai kasa barin ki ki ci gaba da zaton akwai wanda ya yi ƙoƙari.

Tef ɗinsa yana wuyana har yanzu. Littafin zan ajiye shi a shago inda ya saba zama, duk mai tafiya ya zo ya kwafa, kuma ba zan bar kowa ya tashi ba sai ya karanta shafin farko da na ƙarshe.

Ya Mai jiƙa ƙasa bayan ta bushe,
Ga baƙo ya iso masaukin ƙarshe,
Buɗe masa ƙofar da ba ta da awo,
Ƙofar da ba wanda ya isa ya toshe.

Ya Allah, Ka jiƙan yayana, Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa a ƙasar da ba mai ziyartarsa, Ka shayar da shi sha wanda babu ƙishi a bayansa, Ka tashe shi a kan ƙafafunsa. Ina miƙa ta'aziyya ga matarsa, da 'ya'yansa uku, da ƙannenmu mata, da abokan sana'arsa, da duk wanda ya taɓa shiga baƙon birni da lambobinsa a aljihu. Allah Ya ba ku haƙuri. Waɗanda suka yi dariya a baranda, na bar su da Wanda ya ji su. Ni kuwa, in an tashi yi wa Yaya addu'a, a sa ni a ƙarshen sahu, kada a manta da ni.