Ƙuri'ar Bawa Mai Rabon Ƙwaya

Bawa haifaffen wani ƙauye ne na manoman gero kusa da Tozai, a ƙasar Isa. Yana da shekara ashirin da 'yan kai kuturta ta bayyana masa. Wansa Wada ya ɗora shi kan jaki ya kai shi asibitin kutare na mishan, tafiyar kwana biyar. Shekara tara ya yi a can. Kafin cutar ta tsaya sai da ta ci masa yatsu uku. A can ya koyi karatu da wankin miki, ya karɓi addinin Kirista, ya auri Tani, wadda ita ma jinya ce ta kai ta.

Da ya dawo gida ba a yi masa maraba ba, ba a kuma kore shi ba. Mai gari, Amiru, ya yanka masa gona a bayan gari, Bawa ya kafa bukka. Duk ranar kasuwar Isa sai ya shimfiɗa tabarma gindin wata tsamiya, ya raba ƙwayoyin kuturta da mishan ke aiko masa, ya wanke wa masu gyambo. Mutum sun fi arba'in da ke karɓa a hannunsa, wasu daga Sabon Birni, wasu daga ƙetaren iyaka, ƙasar da Faransa ke mulka. Shi da Tani kaɗai ne Kiristoci a yankin. Ran Lahadi su biyu ke sujada a bukka, murya ƙasa-ƙasa.

A shekarar ƙarshe kafin Turawa su miƙa mulki aka kira zaɓe. Maza kawai aka rubuta, har da Bawa. 'Yan takara biyu ne. Na farko Malami, ɗan babban gida, wanda Bawa ya sani sarai: shi ne shekara biyu baya ya sa aka cinna wa bukkokin kutare wuta a bakin kasuwa don manyan baƙi za su wuce. Na biyu Halliru, wani tela mai yawo gari-gari yana maganar talaka.

Amiru ya tara magidanta a ƙofar gidansa, ya ce duk garin akwatin Malami za a jefa, ya rantsar da su ɗaya bayan ɗaya. Da aka zo kan Bawa, wanda ke tsugune nesa kaɗan kamar kullum, ya ce, "Kai kuma ɗauko naka littafin ka dafa."

"Ranka shi daɗe, an hore mu kada mu rantse. I ɗina i ce, a'a ɗina a'a."

"To ce i."

Bawa ya sunkuyar da kai. "A ba ni 'yan kwanaki in yi tunani."

"Tunani? Gonar da kaka ci, tunani na yi kafin in ba ka?"

Bawa ya rubuta wa faston asibiti wasiƙa, ya ba wani falke. Amsa ta zo bayan sati biyu. Fasto ya ce siyasa ruwa ce mai zurfi, ya yi biyayya ga masu mulki, ya kuma bi lamirinsa a gaban Allah. Bawa ya karanta sau uku, bai ga yadda zai haɗa biyun ba.

Wada ya same shi a gona yana ɗaurin kara. "Bawa, ka saurare ni, ni na girme ka. Takarda guda ce. Malami ba ya buƙatar ta, ko da taka ko babu zai ci. Ka jefa inda aka ce, a zauna lafiya."

"Yaya, Habi da Ɗanmusa suna cikin waɗanda aka ƙona wa ɗaki. Ni na wanke wa Habi ƙunar hannunta. In na ɗora mutumin nan bisa kansu da hannuna, da wane ido za ni dube su ran kasuwa? Ran da Allah ya tambaye ni, in ce mai gari ya sa ni?"

"To ƙi zuwa mana."

"Wanda ya ga ana cuta ya kau da kai, shi ma da nashi kaso."

Tani ba ta ce masa yi ko bari ba. Abin da ta faɗa kawai, tana tankaɗe, shi ne, "Mu mata ba a ba mu takarda ba. Amma in kora ta zo, da ni za a kora."

Ranar zaɓe aka kewaye wani ɗaki da zana, aka ajiye akwati biyu a ciki. Bawa ya bari sai da layi ya ƙare, don kada a ƙyamaci goguwa da shi. Ya shiga, ya tsaya har malamin zaɓe ya yi gyaran murya daga waje. Ya yi addu'a gajeriya, ya saka takardarsa a akwatin Halliru.

Ba wanda ya gan shi. Amma yana fitowa manzon mai gari ya tare shi a gaban jama'a, ya ce, "Bawa, ina ka jefa?"

Kalma guda za ta fitar da shi. Wada yana daga gefe yana ƙifta masa ido. Bawa ya ce, "Ban jefa wa Malami ba."

Malami ya ci da rata mai yawa. Kafin sati ya zagayo Amiru ya karɓe gonar. Aka baza magana cewa duk wanda aka gani gindin tsamiya abokin gabar gari ne. Masu karɓar ƙwaya suka ragu zuwa goma, zuwa uku. Da mishan suka ji akwai rigima, suka daina aiko magani, wai sai ƙura ta lafa. Shi kuwa Halliru, damina ba ta faɗi ba ya koma ɓangaren Malami, aka ba shi muƙami. Bai taɓa sanin akwai wani Bawa ba.

Bawa da Tani suka ƙetare iyaka, suka zauna a wani ƙauye kan hanyar Maraɗi, yana saƙar igiya da yatsun da suka rage. A shekara ta biyu Tani ta rasu.

Sau ɗaya Wada ya je ganinsa, ya bi ayarin fatake. Bawa ya yi ta tambayar mutanensa da suna. Wada ya ce Ɗanmusa ya makance, ƙafar Habi ta ruɓe, ta mutu da bazara.

Bawa ya ajiye igiyar da yake saƙawa.

"Da za a sake," in ji Wada, "haka za ka yi?"

"Ban sani ba, Yaya. Na ce don su na yi, ga shi su suka ɗauki nauyin. Kullum ina tambayar Ubangiji, bai amsa mini ba tukuna."

Bawa ya rasu bayan shekara uku. Maƙwabtansa Musulmi suka haƙa masa kabari a gefen wata gona. Ba wanda ya san addu'ar da ake yi wa irinsa, sai suka rufe shi shiru, suka koma aiki.