Bular Uwaisu Kemis

Duk wanda ya zauna a bayan kamfanonin Sharaɗa ya san Uwaisu Kemis. Kemis ɗin ma, wato masanin sinadarai, ba wani ne ya raɗa masa ba, shi ya raɗa wa kansa, ba rago ba goro.

Daga wani ƙauye na Jigawa ya zo da ƙullin kayansa a ka, ya samu aiki a wani kamfanin fenti da tawada. Aikin kuwa juya duro ne. A miƙa masa muciya mai tsayin mutum, ya yi ta tuƙi kamar mai tuwon biki. Akwai wani gishiri rawaya da ake kawowa a buhu, a narka shi, a zuba masa ruwan ƙarfe, nan take duro ya rikiɗe ya koma shuɗi mai ɗaukar ido. Iyakar ilimin Uwaisu ke nan, farkonsa da ƙarshensa. Amma in ya zauna a teburin mai shayi, sai ka rantse shi ya kawo shuɗi ƙasar nan.

"Kun san sunan gishirin nan?" zai ce, yana kaɗa cokali. "Ferosayanaid. Akwai guba a cikinsa da za ta kayar da giwa, ƙarfe ne ya riƙe ta gam. Ni kuwa da hannuna nake ɗibarsa."

"Kemis, don Allah maimaita sunan," in ji matasa. Ya maimaita, ya fito daban da na farko, su kwashe da dariya, shi kuma ya ɗauka mamaki suke yi.

Mai ilimin gaskiya a kamfanin wata ce Badi'a, wadda ta yi jami'a. Ita ke ɗakin gwaji tana haɗa gishirin nan da wasu sinadarai, tana fitar da irin waɗanda ake sa wa tawada da waɗanda ake gwaje-gwaje da su. Kafin a zuba komai a duro sai ta tsoma wata 'yar takarda a ruwan ta duba launinta. Uwaisu ya ce iyayi ne kawai na 'yan boko. Farar kwat ɗin da yake yawo da ita ma tsohuwar Badi'a ce, shi ya sa hannun ya tsaya masa a gwiwar hannu.

Da rashin wuta ya kwantar da kamfanin, abokan aikinsa wasu suka nufi majemun Challawa, wasu suka kama Adaidaita. Uwaisu ya fito da kwat da rabin buhun garin shuɗi da aka sharo a ƙasa, ya sanar da unguwa cewa bular wanki zai fara yi, irin wadda ba a taɓa gani ba.

Ana haka ɗansa Mubarak, mai aiki a kamfanin biskit a Bompai, ya ga Aina'u 'yar Alhaji Lawal na Hotoro, dillalin yadi. Aka sa ranar Asabar manya su je neman aure. Kowa ya san uba ba ya zuwa neman auren ɗansa, ƙaninsa ke shiga gaba, kuma ga ƙanin Uwaisu, Salisu, nan yana sayar da kankana a Na'ibawa. Uwaisu ya ce atafau.

"Salisu? Me zai gaya wa Alhaji, a ɗanɗana kafin a saya? Dole mutumin nan ya ji daga bakina cewa gidan ilimi 'yarsa za ta shiga."

Abin da yake so ke nan a duniya, ya zauna a falon babban mutum a kira shi Kemis. Don ya burge, ranar Juma'a bayan an sauko ya bi gida gida ya karɓi fararen rigunan dattawan da za su raka shi, har da shaddar Malam Abdulbaƙi, dattijon unguwa, wadda ba ta fita sai da dalili. Ya ce gobe in sun shiga Hotoro sai an kare ido.

Matarsa Ladidi ta yi wanki yadda uwarta ta koya mata. Ta jiƙa fararen a ruwan toka, ta bi da sabulun soda, ta ɗauraye sama-sama, don mai ruwa bai zagayo ba. Uwaisu ya sa kwat, ya kori kaji, ya barbaɗa garinsa a bahon, ya danna riguna ciki. Ruwa ya yi shuɗi gwanin sha'awa. Kafin ya gama yabon kansa, shuɗin ya fara dusashewa.

"Malam, wannan ruwan naku fa ya koma kunun kanwa," in ji Ladidi.

"Ke me kika sani? Aiki yake yi a ciki. In rana ta buge shi zai dawo."

"To ku ciro ta Malam Abdulbaƙi tukuna."

"Ladidi, ni na taɓa shiga miki miya?"

Rana ta buga, ta sake bugawa. Riguna suka bushe da tabo ja-ja, kamar an goge tsohon kwanon rufi da su. Sai ya ce zafi ne bai isa ba, ya hura gawayi ya bi su da dutsen guga, ya zaunar da tabon daram.

Mubarak ya dawo ya gani, ya dafe kai, ya nemo lambar Badi'a ya kira ta, ya buɗe murya kowa na ji. Sai da ta gama dariyarta sannan ta ce wannan shuɗin ba ya shiri da toka ko soda, suna haɗuwa yake sakin ƙarfensa ya koma tsatsa. Abin da take dubawa da takardar nan ke nan, shekara da shekaru, a gaban idonsa.

"Ba ta taɓa faɗa min ba," in ji Uwaisu.

"Baba, kun taɓa tambaya?"

Da safiyar Asabar dattawa suka fito kowa da rigar da ta samu, wani kore, wani ruwan ƙasa. Malam Abdulbaƙi aro ya yi. Uwaisu ya taho da sauri zai shiga mota, dattijon ya tare ƙofa da sandarsa.

"Ina zuwa? Uba ba ya zuwa. Salisu, shiga gaba."

A Hotoro Salisu ya yi magana kaɗan, ya gaisa da ladabi, aka ba su Aina'u. Da Alhaji Lawal ya tambayi sana'ar mahaifin yaro, kafin Salisu ya amsa, Malam Abdulbaƙi ya riga shi.

"Yana ɗan taɓa wanki da guga."

Ranar ɗaurin aure Uwaisu ya kutsa cikin jama'a har ya kai ga Alhaji, ya buɗe baki zai gabatar da kansa. Alhaji ya kama hannunsa da fara'a, ya ce sana'a ba abin kunya ba ce, kuma akwai manyan riguna jibge a gida, zai aiko direba da su ranar Litinin.