Babban Yatsan Alhaji Mahamadou

Alhaji Mahamadou mutumin Maradi ne, a sarin tufafi a kasuwar Shisanhang ta ƙasar Sin furfura ta same shi. Bai yi boko ba, ido kuma ya fara gajiya, amma babban yatsansa ya haddace wayarsa tsaf: nan kiran gida, nan hotunan kaya, can mai tura masa kaya daga unguwar Baiyun. 'Ya'yansa sun dame shi da ya huta haka nan. Shi kuwa, da taurin kansa, ya ce ranar da ya kasa kiran mutum da hannunsa, ranar zai ajiye fasfo.

Ana nan sai wani rubutu ya fito a wayar, ya danna don ya kau da shi, ashe amincewa ya yi a sabunta manhaja. Da ta tashi, komai ya sauya mazauni. Ya nufi kiran 'yarsa Najiba, sai ga wani laoban, mai shagon wanduna, yana ta zuba masa Sinanci.

Ya kwashi jiki sai wajen Saifullahi, Bakanon da ke gyaran waya a titin Liuhua Lu.

"Ɗana, mayar mini da ita yadda take."

Saifullahi ya adana abin da ke ciki, ya jona ta da kwamfuta, ya ɗora tsohuwar manhajar. Ta fara shiga, sai ta tsaya, jan rubutu ya bayyana. Ya canza kebul, ya sake sauko da manhajar, jan rubutun yana nan.

"Baba, kamfani ya janye hatiminsa daga tsohuwar. Wayar ba ta karɓar abin da ba hatimi."

"To ka buga mata mana."

"Meiyou, Baba, babu. Su kaɗai ke bugawa."

Tsohon, abin tausayi, ya yi ta juya wayar kamar ta aro. Can ya ce, "Ke nan lokacin ajiye fasfo ya yi."

Saifullahi ya dube shi. "Rufe ido, Baba. Taɓa inda ka saba kiran gida."

Yatsan ya sauka ƙasa ta hagu. Saifullahi ya jawo alamar kira ya ajiye a nan. Haka suka bi sauran ɗaya bayan ɗaya, yatsa na nunawa, shi yana jerawa.

Alhaji ya karɓa, ya danna, Najiba ta ɗauka.

"Baba! Wa ya kira maka?"

"Ni na kira," in ji shi. "Ki faɗa wa yayyenki da sauran tafiya."