Littafin da Inna Ta Cusa a Mayafi

Jiya ina kakkaɓe akwati sai littafin adabinmu na aji uku ya faɗo, da ɓawon gyaɗa maƙale a tsakiyarsa. Nan take na tuna kakata.

Ba ta san baƙi ko ɗaya na boko ba, amma kullum bayan la'asar, a tsakar gidanmu na Zakirai, tana ɓarar gyaɗa ina karanta mata. In mutumin cikin labarin ya yi wauta, sai ta yi masa faɗa kamar yana gabanta, sannan ta ce, "Ci gaba, 'yar nan, ba ya jin magana."

Wata rana hadarin ƙarshen damina ya taso ba zato. Gyaɗarta na shanye a tabarmi, littafina na kan turmi. Tsohuwar nan ta tsallake gyaɗar, ta suri littafin ta cusa a mayafi. Kafin mu kwashe, gyaɗa ta jiƙe sharkaf.

Baba ya ce, "Haba Inna, takarda kika zaɓa?"

Ta ce, "Gyaɗa za ta bushe gobe. Wannan bawan Allah fa? Ba mu ji ƙarshensa ba."

Har yau babu tabon ruwa a shafukansa. Inna, Allah Ya lulluɓe ki da rahamarsa kamar yadda kika lulluɓe littafin nan.