Kwat ɗin da Bai Hau Jirgi Ba

Baba Tela bai taɓa buga ƙwallo ba, ko ta tsumma. Amma a zamaninsa babu ɗan wasan ƙasa da ya hau jirgi zuwa babbar gasa ba tare da ya fara tsayawa a gabansa ya ware hannuwa ba. Shi ke ɗinka wa tawaga kwat ɗin tafiya.

Shagon ɗan ƙarami ne, a wani lungu bayan kasuwa. Keken ɗinki ne mai feda, sai teburin yanka da ya sha alli har ya yi fari, da madubi mai tsaga a kusurwa. Idan gasa ta matso, motar tawaga kan tsaya a bakin lungun, samari su cika shagon suna tsokanar juna, shi kuwa yana zagaya su da tef ɗin awo a wuya. "Tsaya sosai mana," ya kan ce wa mai tsaron gida, "ba fenareti zan buga maka ba."

Ɗinkin kwat ba ya son gaggawa, koci kuma ba ya fitar da sunayen ƙarshe sai ana gobe tafiya. Don haka duk wanda aka kira sansani sai an auna shi an ɗinka masa, alhali kowa ya san za a ajiye wasu. Waɗanda aka ajiye sukan zo daga baya, kai a sunkuye, su karɓi nasu. Wani ya yi angonci da shi, wani ya sayar. Mutum ɗaya ne bai zo ba.

Barewa ake ce masa, saboda gudu. Ranar awo ya fi kowa surutu. "Baba, a matse min shi sosai, kada in sauka daga jirgi a ce aro na yi." Baba Tela ya ce to, amma ya yi abin da ya saba: ya bar rarar yadi a naɗe cikin ɗinki, a baya da gefuna da ƙugun wando. Cewa yake jikin mutum ba ya shawara da tela.

Aka karanta sunaye a rediyo, babu Barewa. Ya dawo a motar haya, ya sauka a tasha da jakarsa, bai ga kowa ba. 'Yan unguwar da suka raka shi da kiɗa, kunya ta hana su fitowa. Daga nan bai sake taka fili ba. Ya buɗe wurin faci a bakin titi, ya yi aure, ya ajiye tumbi. Lungun tela kuwa ya daina binsa, ko da zagaye zai ninka masa tafiya.

Baba Tela ya sha aika masa, amsar ɗaya ce: "A ce ina zuwa." Kwat ɗin ya ci gaba da zama a rataye cikin leda. Duk bayan damina sai ya fitar da shi ya sha iska, ya goge ƙura, ya mayar.

Zamani ya juya. Tawaga ta koma sa kayan kamfani, motar ta daina tsayawa a bakin lungu. Idon Baba Tela ya yi rauni, har sai 'yarsa ta biyo da safe ta zura masa zare a allurai. Ta matsa masa ya rufe shagon ya koma gidanta ya huta. Ya yarda a ba da keken, ya yarda a ba da teburin, amma da ta kai hannu kan ledar sai ya ce a'a.

"Kayan mutane ne. Ba na rufe ƙofa da amana a rataye."

"Baba, mai kayan nan ya manta da su tuni."

"Wanda ya manta ba ya canza hanya, 'yar nan."

A shekarar ne aka kira ɗan Barewa sansani. Unguwa ta ɗauka, kowa na cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ranar sanarwa Baba Tela ya kara rediyo a kunne ya saurara har sunan ƙarshe. Babu yaron. Ya kashe rediyon.

Da rana tsaka wani ya yi sallama, ya tsaya ya tare hasken ƙofa. Barewa ne, hannuwansa duk baƙin taya.

"Baba, an gama ɗinkin nan kuwa?"

"Kai dai ka cika gaggawa. Jiya-jiya fa ka kawo aiki."

Barewa ya yi dariya. "Yaron yana hanya, da yamma motarsu za ta shigo. Zan je tasha in tarye shi. So nake ya gan ni cikin kwat ɗin nan, ya san ba a kansa aka fara ba, kuma ba a mutuwa."

Aka sauke ledar, Barewa ya wanke hannu ya zura kwat ɗin. Maɓalli ya ƙi ko kusantar raminsa.

"Baba, ya tsuke."

"Kwat bai tsuke ba. Kai ne da aka hana ka ƙwallo ka haɗiye ta."

"Shi ke nan, a bar shi, ba rabo."

"Cire ka ba ni."

Baba Tela ya juya kwat ɗin, ya lalubi ɗinkin baya da yatsa, ya sa reza ya farke. Yadin da ya ɓoye ya buɗe, launinsa har ya fi na waje kyau. Barewa ya ƙura masa ido.

"Ba cewa na yi a matse ba?"

"Ka ce. Na kuma ji ka."

'Yarsa da ta kawo masa abincin rana ta zura zare, ya hau keke, feda ta ɗauki tsohuwar ƙararta. Kafin rana ta yi sanyi Barewa ya tsaya gaban madubin mai tsaga, maɓalli ya shiga raminsa lafiya lau. Ya fita ya bi lungun a hankali, kwat a jiki, tsofaffin silifas ɗin aiki a ƙafa, masu shaguna suna leƙowa.

Baba Tela ya tsaya a ƙofa har ya ga ya sha kwana. Sannan ya cire tef daga wuyansa ya miƙa wa 'yarsa.

"To, kira masu ɗaukar keken."