Sarƙar da Baba ba zai wasa ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Isyaku, wanda masu injin yankan itace daga Kazaure har Roni da Gwiwa suke kawo wa sarƙa ya wasa musu. Ni na gaje shi a zauren, don yayyena maza babu mai son zama wuri ɗaya, ni kuwa tun ina sakandare da idonsa ya fara rauni ya zaunar da ni kusa da shi. Na yi niyyar in rubuta yabonsa bana in tashi. Ɗorawar Gwaggo Hajara ce ta hana ni, kuma sai na faɗi yadda aka yi.

Baba ya fi tausayin magagari a kan hannunsa. Ƙarfen nan siriri mai kaushi da ake goga haƙoran sarƙa da shi, kowanne da tsummansa, ba ya barin biyu su gogi juna. Yakan shafa masa alli don kada garin ƙarfe ya toshe shi. Yakan ce da ni turawa yake ci, in tura, in ɗaga, in dawo da shi, in ɗan juya. Ni kuwa gaba da baya nake dirzawa kamar mai wankin tukunya, don in gama in tafi. Har yau magagarina ba ya kai rabin kwanan nasa. Wannan ban damu ba, na saba.

Abin da ya dame ni daban ne. Duk sarƙar da aka miƙo wa Baba, sai ya kai ta hanci kafin ya taɓa ta. In ya ji warin ɗanyen itace, ya ga danƙo ya maƙale a haƙora, sai ya mayar wa mai ita cikin fara'a. Ya ce a yi haƙuri, danƙon nan kashe masa magagari zai yi, a je a ɗan yanka busasshen itace da ita tukuna. Ya sa a kawo wa mutum ruwa, su yi hirar damina, ya raka shi bakin hanya. Ban taɓa ganin wanda ya fita da fushi ba.

Bayan rasuwarsa na gano kalanzir yana wanke danƙon nan tas, kafin ka gama gaisawa. Har dariya na yi. Na shiga karɓar kowace sarƙa, ta masu gawayi, ta masu kai itace gidajen burodi, ban tambayi kowa abin da zai yanka ba. Zaure ya cika. Wata rana ina yi wa Inna, mahaifiyata, alfaharin dabarar da na samo, sai ta ajiye tsintsiya ta dube ni. “Allah ya shirye ki, Zulai. Kina tsammanin bai san kalanzir ba? Da me yake wanke ta waɗanda iska ta kayar wa bishiya a kan ɗaki?” Ashe ba magagarinsa yake karewa ba. Jinkiri yake saya wa bishiyar, ko mai ita zai kwana ya sake shawara, ba tare da an kira shi mugu ba. Na ji kunya, amma ban daina ba. Duk wanda ya bi hanyar Roni ya ga yadda gonaki suka yi tsirara, ya sani da hannuna a ciki.

Gwaggo Hajara ƙanwar Baba ce, tana wani ƙauye bayan Roni. Tun da mijinta ya rasu, daddawar da take yi da kalwar wata tsohuwar ɗorawa ce abincinta. Da aka raba gonar gado, bishiyar ta faɗa kason Sale, ɗan ƙanin mijin, shi kuma yana da inji. Watan jiya ya shigo zaurena da sarƙa tana warin ɗanye, ya ce a gyara ta da kyau, ɗorawa ce a gabansa. A gaban mutum biyu na ce, “Sale, ba ka da kunya? Tsohuwar nan ƙasa za ta ci? Kwashe tsiyarka ka ba ni wuri.” Ya naɗe sarƙarsa a hankali ya ce, “To, injiniya. Ke kaɗai ce mai magagari a ƙasar Kazaure?” Washegari kafin azahar bishiyar tana ƙasa.

Na ɗauka na yi abin da Baba zai yi. Daga baya na ji cewa Sale ya riga ya yarda ya jira zaman da dattawan gidan suka sa ranar Juma'a a kan ɗorawar. Maganata ce ta hana shi jira.

Da Baba zai leƙo yau, ba na jin injinan da suka yi yawa za su ba shi mamaki, ko masu wasa sarƙa da lantarki a kasuwa. Ya san hakan na zuwa. Zai dai tsaya a bakin zaure ya ga 'yarsa ta koyi inda ake kwantar da magagari a kan haƙori, ta koyi jin warin ɗanye, amma ba ta koyi yadda ake cewa a'a mutum ya tafi da mutuncinsa ba. Sana'ar tana nan, sunan yana nan, har yanzu zauren Malam Isyaku ake cewa. Abin da ya fi amfani a cikin aikinsa kuwa, ina tsoron da shi aka binne.

Gwaggo ta zo shekaranjiya da ƙullin daddawa, ragowar ta bara. Ta zauna ta sha ruwa, sannan ta ce, “Zulai, ke kika wasa masa?” Na ce a'a. Ta ce, “Alhamdulillahi, na san jinin Yaya ba zai yi min haka ba.” Ta yi ta sa mini albarka. Ni da ake cewa bakina ba ya riƙe magana, na karɓi daddawar da hannu biyu, ban faɗa mata cewa bakina ne ya kayar da ɗorawar ba.

Allah ya yalwata wa Baba makwanci, ya sa inuwar da ya bar wa mutane ta same shi a can.