Kifin Gishiri da Ɗanyar Ayaba

Maƙwabciyata ta ƙasan bene a unguwar Catford, nan ƙasar Turawa, tsohuwa ce 'yar Jamaika, ga faɗa kamar me. Shekara uku muna musayar kwano: in aika mata da masa, ta aiko min da shinkafa da wake mai madarar kwakwa. Ba ta taɓa yabon girkina ba. Iyakarta ta ce, "Da ɗan dama-dama." Ni da a gidanmu a Kano ni ake nema in an yi baƙi!

Sai aka yi mata aiki a ƙugu. Ta dawo daga asibiti ta kwanta, ta ƙi ci, ta ƙi tashi. Ƙarfen koyon tafiya da aka ba ta, tawul ta rataya a kai. 'Yarta ta zo daga Birmingham, ta ja ni gefe ta ce in uwar ba ta fara takawa ba nan da wata guda, sai gidan tsofaffi. Hankalina ya tashi, don na san kai ta can kashe ta ne.

Na shiga na ce, "Mama, me ranki yake so?"

Ko juyowa ba ta yi ba. "Kifin gishiri da ɗanyar ayaba. Ba za ki iya ba."

Wannan kalma ce ta hau da ni bas zuwa kasuwar Deptford. Na sayo kifin, fari, a sandare kamar katako, da ayaba kore shar. A hanya na ce wa kaina, wane mai imani ne zai ba majinyaci ɗanyar ayaba? Na ƙunshe ta a takarda na ajiye kusa da hita kwana huɗu, har ta nuna lugub.

Maigidana ya leƙo kicin ya ce, "Maman yara, ki yi checking a waya mana."

Na ce, "A kan kifi zan tambayi waya?"

Na yi wa kifin yadda muke yi wa banda. Na ɗauraye da ruwan zafi sau ɗaya, na soya albasa da tumatir da attarugu, na zuba. Hannu ya saba, na barbaɗa gishiri, na murza dunƙule biyu. Ina azumin ramuwa ranar, ban ɗanɗana ba. Ayabar kuwa da ta ji tafasa sai ta koma kunu.

Tsohuwa ta kai cokali ɗaya baki. Idonta ya kawo ruwa. Ta shanye kofin ruwa, ta miƙo a ƙara.

"Kin jiƙa kifin?"

"Na wanke shi tas, Mama."

"Kwana yake a ruwa! A sauya ruwan, a tafasa, a zubar!" Ta ƙura min ido. "Gishiri kika ƙara?"

"Ɗan kaɗan."

Ta taɓa ayabar da cokali. Na yi sauri na ce na bari ta nuna ne don kar ta ɗaure mata ciki. Can ta ce, "Cire tawul ɗin nan ki miƙo min ƙarfen."

Taku goma sha ɗaya ne daga gadonta zuwa kicin ɗinta, kowane taku da faɗan da ta yi min a kai. Washegari na sayo wata ayabar. Ta zauna a kujera tana ba da umarni: in shafa mai a hannu kafin in ɓare saboda danƙo, in tsaga bawon a tsaye, ban da gishiri ko ƙwaya ɗaya. A rana ta uku ta gaji da kallon yadda nake yanka albasa, ta miƙe ta ƙwace wuƙar.

Da 'yar ta dawo, a tsaye ta same ta gaban murhu. Ta tambaya wane magani aka ba ta. Tsohuwa ta nuna ni da ludayi ta ce, "Ba inda za ni. In na tafi, yarinyar nan sai ta kashe wani."

Na yi dariya har da hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne. Ranar da na dafa ni kaɗai, ta cinye tas, ta share kwanon da yankin ayaba na ƙarshe, ta ce, "Da ɗan dama-dama."